Daga Bagadaza zuwa Rann: wa ke tsare ran ma'aikacin agaji?

Kafin farar motar nan mai doguwar eriya ta fito daga harabar wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, an riga an sha aikin da mai kallo daga bakin titi ba ya gani. Tun jiya aka cike takardar izinin tafiya: su wa za su shiga motar, ina za su, ta wace hanya, ƙarfe nawa za su fita, ƙarfe nawa za su dawo. Direba ya iso tun bayan sallar asuba. Ya duba mai da ruwa, ya zagaya ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya leƙa baya ya tabbatar safaya da jak da akwatin magani suna nan. Sannan ya ɗauki oba-oba ya kira ɗakin rediyo, ya faɗi laƙabin motarsa da yawan mutanen da ya ɗauka. A can ɗakin akwai mai zaune gaban allo da taswira, aikinsa ke nan tun safe har dare. Duk inda motar ta kai wani wurin da aka yi alama sai direba ya sake kira. Idan lokacin kira ya wuce ba a ji shi ba, za a jira 'yan mintuna, a neme shi ta waya, a nemi na kusa da shi, daga nan kuma sai a tashi babban jami'in tsaro ko da barci yake.

Wannan ƙaramin tsari, da 'yan bambance-bambance, shi ake bi a Goma da Juba da Kabul da Gao. A bayansa akwai wata sana'a da ba ta cika fitowa a labarai ba sai ranar da ta gaza, wato kula da lafiya da tsaron ma'aikatan ƙungiyar da ke aiki a ƙasashe da dama a lokaci guda. Yadda sana'ar take a yau, da dokokinta da takardunta da katangunta, kusan duk ana iya bin sawunsa a koma rana ɗaya.

Ranar Talata 19 ga Agusta, 2003, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wata babbar mota maƙare da bama-bamai ta shiga wani ɗan titi da ke gefen otal ɗin Canal a Bagadaza, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hedikwatarta a Iraƙi. Ta tsaya daidai ƙarƙashin tagar ofishin wakilin Babban Sakatare, Sergio Vieira de Mello, ɗan ƙasar Birazil, ta tashi. Mutum 22 suka mutu. De Mello bai cika nan take ba. Ya yi sa'o'i a ƙarƙashin ɓaraguzan gini, sojojin Amurka biyu suna tonon ƙasa da hannu don su kai gare shi, rai ya yi halinsa kafin a fito da shi. Bayan wata guda aka sake tayar da bam a wurin ajiye motoci na ginin. A ƙarshen Oktoba kuma aka kai wa ofishin Red Cross ta ƙasa da ƙasa hari a birnin. Majalisa ta kwashe kusan duk ma'aikatanta 'yan ƙasashen waje.

Babban Sakataren, Kofi Annan, ya naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin tsohon shugaban Finland, Martti Ahtisaari, kuma rahoton bai yi wa kowa kara ba: tsarin tsaron Majalisar ya lalace, ba a san wanda ke da alhakin me ba, gargaɗi yana zuwa ana ajiye shi a aljihun tebur. Wani abu a cikin rahoton ya fi sauran tsaya wa mutum a rai. Wancan ɗan titin da motar ta bi, da farko sojojin Amurka sun toshe shi. Jami'an Majalisar ne da kansu suka nemi a cire shingen, a kuma janye sojoji da manyan makamai daga jikin ginin. Dalilinsu ba na wauta ba ne. Ba su so mutanen Iraƙi su ɗauke su da sojojin mamaya abu guda, suna so ƙofarsu ta zama a buɗe ga mai koke. Sun yi imani shuɗiyar tutar Majalisa ita ce garkuwarsu, kamar yadda ta kasance shekara da shekaru. A ranar aka gane akwai masu ɗauke da makamai da tutar ce ma abin da suke nema.

Wannan ja-in-ja tsakanin buɗe ƙofa da gina katanga har yau ba a raba shi ba.

Annan ya sallami babban jami'in tsaron Majalisar a 2004, kuma a farkon 2005 aka kafa sashe guda mai kula da lafiya da tsaro, UNDSS, wanda ya haɗe ofisoshin da a da kowane ke cin gashin kansa. Ba a daɗe ba aka gwada shi. A ranar 11 ga Disamba, 2007, bam ya tashi a ofisoshin Majalisar a babban birnin Aljeriya, ma'aikata 17 suka mutu. Aka sake kafa kwamiti, wannan karon a ƙarƙashin Lakhdar Brahimi, kuma shugaban sabon sashen, David Veness, ya ajiye aiki a 2008. Saura shekara uku bala'in ya iso gida Najeriya. Ranar Juma'a 26 ga Agusta, 2011, da hantsi, wata mota ta fasa ƙofar ginin Majalisar a Abuja ta kutsa har wurin karɓar baƙi. Sama da mutum 20 suka rasu, Boko Haram ta ɗauki alhaki. Sai da aka yi shekara takwas kafin ma'aikata su koma ginin. Wanda ya san Abuja kafin lokacin ya san yadda shingayen kankare da na'urorin bincike suka bazu a ƙofar kowane ofishin jakadanci da babban otal bayan wannan rana.

Yadda ake auna haɗari

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka jami'in tsaron irin wannan ƙungiya tsohon soja ne mai faɗin ƙirji da baƙin tabarau. Akwai irinsu da yawa. Gilles Michaud, wanda aka ba shugabancin UNDSS a 2019, tsohon babban ɗan sandan Kanada ne. Amma yawancin aikin na biro da takarda ne, da waya, da shan shayi da mutane.

A kowace ƙasa Majalisar na da mutum ɗaya, galibi babban wakilinta, wanda alhakin ran kowane ma'aikaci ke wuyansa. Yana zama da shugabannin hukumomi, su UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Shirin Samar da Abinci, suna yanke shawara tare. A ƙasan su akwai mai ba da shawara kan tsaro, akwai jami'an yankuna, har a gangaro kan wani ma'aikaci na yau da kullum da aka ɗora wa nauyin unguwarsa: yana riƙe da sunaye da lambobin abokan aikin da ke zaune kusa da shi, idan wani abu ya faru shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga. A dokar ƙasa da ƙasa, gwamnatin da ta karɓi baƙuncin ƙungiyar ce ke da alhakin farko na kare ta. To amma a yawancin wuraren da ake buƙatar agaji, gwamnatin ko dai ba ta da iko da yankin, ko kuma ita ma tana cikin masu faɗan.

Lissafin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana tambaya: me zai iya faruwa a nan? Kwanton ɓauna, nakiya a hanya, garkuwa da mutane, zanga-zanga, fashi, gobara. Kowane ɗaya a auna shi da ma'auni biyu, yiwuwar aukuwarsa da girman ɓarnarsa idan ya auku. Sannan a kawo matakan da za su rage ɗaya daga cikin biyun, a ga abin da ya saura. Abin da ya saura ɗin nan shi ne magana, domin ba ya taɓa zama sifiri.

A da, idan haɗari ya kai wani mataki sai kawai a tattara a tafi. Bayan rahoton Brahimi aka juya tambayar: maimakon yaushe za mu fice, ta yaya za mu zauna? Daga nan aka fito da tsarin jera ayyuka hawa huɗu gwargwadon muhimmancinsu. Aikin da idan aka tsayar da shi mutane za su mutu a makon nan, kamar ciyar da yaran da tamowa ta kama ko yaƙi da kwalara, an yarda a yi shi ko da haɗarin da ya saura yana da girma ƙwarai. Taron ƙara wa juna sani kuwa bai kai a sa ran kowa a kansa ba. A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace kowane shugaban hukuma yana ganin aikinsa ne na hawa na farko, kuma masu ba da kuɗi suna jiran rahoton mutum nawa aka kai wa kaya.

Sai kuma shirin da ake yi wa ma'aikacin kansa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a tura shi wuri mai zafi yakan yi horo na kwanaki: yadda ake ɗaure jijiya a tsayar da jini, yadda ake magana a shingen 'yan bindiga (a sauke gilashi, a kashe rediyo, hannu a bayyane, mutum ɗaya ne zai yi magana), yadda ake gane ƙasar da aka tona aka binne wani abu. Wasu wuraren har sace su ake yi na wasan kwaikwayo, a rufe musu ido a yi musu tsawa, don jiki ya san abin kafin ranar. Akwai jakar da ake ajiyewa a bakin ƙofa kullum, da fasfo da magani da ɗan kuɗi da ruwa a ciki. Akwai kuma wata takarda da ake cikewa a rufe a ambulan: tambayoyin da babu mai sanin amsarsu sai kai, kamar sunan da kakarka take kiranka da shi. Idan aka sace ka, da su za a tabbatar kana raye kafin a ci gaba da magana da masu riƙe da kai. Duk wanda ya taɓa zama ya cike wannan takarda ya san alƙalami yakan yi nauyi a hannu.

A nan ya kamata a faɗi wani abu da labarai ba sa so, saboda ba shi da armashi. Ba bindiga kaɗai ke kashe ma'aikata ba. Girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu, 2010 ta kashe ma'aikatan Majalisa 102, har da shugaban tawagar, Hédi Annabi, lokacin da ginin hedikwatarsu ya rufta. Babu bam ɗin da ya taɓa yi mata ɓarna haka a rana ɗaya. Hatsarin mota kuwa kowace shekara yana cikin manyan abubuwan da ke cin rayukan ma'aikata. Shi ya sa jami'in da ya san aikinsa yakan fi takura wa mutane a kan ɗamarar kujera, da hana tuƙin dare, da gidan sauro, da tukunyar kashe gobara, har a riƙa ce masa mai tsegumi.

Yarda, katanga, bindiga

Masu wannan sana'a, tun wani littafin jagora da Koenraad Van Brabant ya rubuta a 2000, suna raba dabarun kariya gida uku. Akwai yardar jama'a: mutanen wuri da masu ɗauke da makamai su san ko kai wane ne, su ga amfaninka, su bar ka ka yi aiki. Akwai kariya ta zahiri: katanga, waya mai ƙaya, buhunan yashi, mota mai sulke, ɗakin ɓuya. Akwai kuma tsoratarwa, wato rakiyar masu bindiga. Red Cross da ƙungiyar likitocin nan ta Na Gari Na Kowa, MSF, sun fi dogara da ta farko, har sukan manna hoton bindiga da aka soke da jan layi a jikin motocinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙungiya ce ta gwamnatoci kuma a wasu ƙasashen tana da sojojin kiyaye zaman lafiya, ta fi karkata ga sauran biyun.

Yarda ta fi arha a kuɗi, ta fi tsada a lokaci. Ana samun ta ne a zaure: a gaida bulama da lawani, a zauna da liman, a saurari shugabar mata, a ɗauki 'ya'yan gari aiki, a biya mai gidan haya a kan lokaci, kada direba ya watsa wa mai talla ruwan kwata ya wuce. Sau da yawa gargaɗin da ke ceton rai daga nan yake fitowa. Mai shayi ne zai ce wa direba yau kada ku bi ta can. Babu tauraron ɗan'adam da zai ba ka wannan. Kuma abin da aka shekara goma ana ginawa, wani can daban yana iya rushe shi a wata guda. Lokacin da ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta shirya allurar riga-kafi ta bogi a Abbottabad a 2011 don neman Usama bin Laden, masu allurar shan inna a Pakistan ne suka biya, aka yi ta harbe su. A Kano ma, ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga sun kashe masu aikin allurar shan inna tara a wasu ɗakunan shan magani biyu. Mata ne 'yan gari, masu fita da akwatin ƙanƙara a kafaɗa don ɗan alawus.

Katanga kuma tana da nata sharrin. Idan ta yi tsawo, na ciki ba ya jin abin da ake faɗa a waje. Ma'aikaci ya zo daga Turai ya yi wata shida a Kabul ko Mogadishu, daga gida mai shinge zuwa ofis mai shinge a mota mai sulke, ya koma ƙasarsu bai taɓa shiga kasuwa ba. Mutanen gari suna ganin manyan motoci suna wucewa da gilashi a rufe, ba su san me ake yi a bayan katangar ba, sai jita-jita ta cike gurbin. Rakiyar soja ta fi wannan sarƙaƙiya. A Borno akwai hanyoyin da ba a barin ayarin kayan agaji ya bi sai da sojoji, kuma cibiyoyin kwanan ma'aikatan agaji da aka gina a garuruwa irin su Ngala da Dikwa da Damasak da Monguno suna cikin garuruwan da soja ya zagaye da rami. Jirage masu saukar ungulu na Majalisar ne ke kai mutane su dawo da su. Ga wanda ke daji da bindiga, duk wanda ke cikin ramin ɗaya ne. An kai wa cibiyar Ngala hari a Janairun 2020, ta Dikwa a Maris na 2021, ta Damasak wata guda bayan haka. Idan kuma ƙungiya ta yi ƙoƙarin nesanta kanta da soja, sai zargi ya zo ta ɗaya gefen: a Satumbar 2019 sojojin Najeriya sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas na wani lokaci, suna zargin ta farkon da taimaka wa 'yan ta'adda, zargin da ta musanta. Gaba kura, baya sayaki. A Nijar gwamnatin soja ta soke izinin ƙungiyar ACTED a Nuwamban 2024, ta kuma umarci Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta fice a Fabrairun 2025.

Akwai wata dabarar da aka daɗe ana dogara da ita a fagen yaƙi: ka sanar da masu faɗa inda asibitinka yake da hanyar da motarka za ta bi, don kada a ce ba a sani ba. MSF ta ba sojojin Amurka lambobin taswirar asibitinta na Kunduz a Afganistan, amma a daren 3 ga Oktoba, 2015 jirgin yaƙin Amurka ya yi ta luguden wuta a kansa, mutum 42 suka mutu. Ma'aikatan World Central Kitchen bakwai da jiragen Isra'ila marasa matuƙa suka kashe a Gaza ranar 1 ga Afrilu, 2024 sun sanar da tafiyarsu, tambarinsu na kan rufin mota. Hukumar UNRWA, mai kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira, ta rasa ma'aikata sama da 300 a yaƙin Gaza. Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2730 a watan Mayun 2024 yana neman a kare ma'aikatan agaji, kuma a shekarar ta 2024 aka kashe 383, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Babu jami'in tsaron da ke da maganin jirgin sama.

Su wa ke mutuwa?

Ɗauki jerin sunayen kowace shekara ka karanta. Mafi yawansu, da rata mai nisa, 'yan ƙasa ne: direbobi, masu gadi, ungozomomi, malaman jinya, masu rabon kaya. Amma tsarin da aka gina bayan Bagadaza an yanka shi ne daidai jikin baƙo.

A daren 1 ga Maris, 2018, mayaƙa suka afka wa Rann, a ƙaramar hukumar Kala-Balge, garin da shekara guda kafin nan jirgin sojan saman Najeriya ya jefa wa sansanin 'yan gudun hijirarsa bam bisa kuskure, har ma'aikatan sa-kai na Red Cross suka mutu. A harin na 2018 an kashe ma'aikatan agaji uku, aka tafi da mata uku ma'aikatan lafiya. Saifura Hussaini Ahmed Khorsa, ungozoma mai shekara 25, an kashe ta a watan Satumba. Hauwa Mohammed Liman, mai shekara 24, an kashe ta a Oktoba, bayan Red Cross ta fito fili ta roƙi a bar ta da rai. Matasan mata ne da suka yi karatun aikin lafiya, suka karɓi aiki a garin da damina kan yanke shi daga ko'ina, saboda a can ma mata na haihuwa. A Yulin 2019 an tare ayarin Action Against Hunger kusa da Damasak, aka kashe direba nan take, aka tafi da mutum shida, akasarinsu ba su dawo ba.

A Kure, dajin raƙuman dawa da ke da tazarar kilomita kusan 60 daga Yamai, an kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji ranar 9 ga Agusta, 2020, tare da 'yan Nijar biyu, direbansu da ɗan jagora. Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launi in ban da Yamai. A kusa da Goma ta ƙasar Kwango, ranar 22 ga Fabrairu, 2021, an tare motocin Shirin Samar da Abinci aka kashe jakadan Italiya, Luca Attanasio, da dogarinsa. Duniya ta san sunan jakadan. Direban da aka fara harbewa sunansa Mustapha Milambo.

Bambancin ba a kanun labarai ya tsaya ba, yana cikin dokar aiki. Idan ƙasa ta rikice, ma'aikacin da aka ɗauko daga waje ana fitar da shi daga ƙasar. Ɗan ƙasa kuwa, abin da dokar ta tanada shi ne a matsar da shi wani gari a cikin ƙasarsa, idan hali ya yi. An ga haka a Sudan a Afrilun 2023. A ranar da faɗa ya ɓarke aka kashe ma'aikatan Shirin Samar da Abinci uku a Kabkabiya da ke Darfur ta Arewa. Bayan mako guda dogon ayarin motoci ɗauke da ɗaruruwan ma'aikatan Majalisa da na ƙungiyoyi da iyalansu ya bar Khartum, ya yi tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa Port Sudan. A matsayin aikin kwashe mutane, abin a yaba ne. Amma waɗanda suka ci gaba da dafa abinci a manyan tukwane a unguwannin Khartum da Omdurman matasan unguwa ne da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, ba oba-oba, ba inshora, kuma ɓangarorin biyu masu faɗa duk sun kama su sun kashe wasunsu.

Abin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne kwangila. Idan wuri ya yi wa babbar ƙungiya zafi, sai ta ba wata ƙaramar ƙungiya ta gida kuɗi ta je ta yi aikin. Hujjar ita ce ɗan gari ya fi sanin hanya, ya iya harshe, ba ya jan ido. Akwai gaskiya a ciki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ɗan gari yana da nasa haɗarin da baƙo ba shi da shi: an san gidansu, an san ƙabilarsa, an san albashinsa, kuma ana iya kiransa ɗan leƙen asiri daga kowane ɓangare. Kasafin da ake ba ƙaramar ƙungiyar sau da yawa babu layin horo a ciki, babu na wayar tauraron ɗan'adam, babu na diyya. Haɗarin bai ragu ba ko kaɗan, an dai sauke shi daga littafin wani an ɗora a kan wanda ba zai iya cewa a'a ba, domin a garin da babu aikin yi wa zai ƙi kwangilar wata shida? Idan ya mutu ma, ba a cikin ma'aikatan babbar ƙungiyar za a ƙirga shi ba.

Shari'ar da ta tayar da shugabannin ƙungiyoyi daga barci a birnin Oslo aka yi ta. A ƙarshen Yunin 2012, a sansanin Dadaab na Kenya, an tare ayarin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Norway, NRC, lokacin ziyarar shugabar ƙungiyar. An yanke shawarar a yi tafiyar ba rakiyar 'yan sanda, kuma labarin ziyarar ya riga ya bazu. Aka kashe direba ɗan Kenya, aka tafi da ma'aikata huɗu zuwa Somaliya, aka kuɓutar da su bayan kwana huɗu. Ɗaya daga cikinsu, Steve Dennis ɗan Kanada, wanda aka harba a cinya kuma ya daɗe yana fama da firgici, ya kai ƙungiyar kotu. A Nuwamban 2015 kotu ta same ta da babban sakaci, ta umarci a biya shi kimanin kurona miliyan 4.4. Tun daga nan kalmar haƙƙin kulawa ta shiga bakin kowane shugaba, lauyoyi da kamfanonin inshora suka samu kujera a teburin tsaro, aka kuma fara ɗaukar ciwon zuciya da na ƙwaƙwalwa bayan tashin hankali da muhimmanci. An samu ci gaba, ba shakka. Amma Dennis ya kai ƙara ne saboda yana da fasfo da lauya da kotun da za ta saurare shi. Matar direban da ya mutu a hanyar Damasak ko Gao, wace kotu za ta je?

Ga shi yanzu kuɗi ya ja baya. Tun da Amurka ta rushe hukumar USAID a 2025, sauran masu bayarwa ma suka tsuke aljihu, ƙungiyoyi na rage ma'aikata da ofisoshi. Wanda ya taɓa zama a taron yanke kasafi ya san layin da ake fara kallo: horo, ɗakin rediyo na dare, jami'in da aikinsa zama da masu gari. Ba su da hoton da za a sa a rahoto, kuma ranar da suka yi aiki daidai babu abin da ke faruwa.

Duk 19 ga Agusta, ranar harin otal ɗin Canal, ana bikin Ranar Jin Ƙai ta Duniya tun 2009. Za a ajiye furanni, a yi shiru na minti ɗaya, a karanta jawabi. Ga masu tura mutane fagen aiki, daga Janeba da New York har zuwa ƙaramin ofis a Maiduguri ko Diffa, akwai abin da ya fi furanni. A buɗe fayil ɗin direba da na mai gadi da na ungozomar da aka ɗauka ta hannun wata ƙungiya. A duba ko sun yi horon da baƙo ya yi, ko suna da inshorar da yake da ita, ko an taɓa tambayar ra'ayinsu kafin a zaɓi hanya, ko suna da ikon cewa yau ba za mu fita ba ba tare da sun rasa aiki ba. Ƙungiyar da ba ta da amsar waɗannan a rubuce, kada ta tayar da mota gobe da safe.